Zauren dagaci, kotu, ko zaman faɗin gaskiya: ina za a kai rikicin gona da garke?

Daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba, lokacin da gero ya shiga rumbu amma wake da dawa suna gona, dagatai da bulamai a ƙasar Haɗeja da Gumel da kudancin Kano ba sa samun barcin kirki. Garkunan arewa sun fara gangarowa, na gida sun ƙosa da ƙarancin ciyawa, burtalin da ya kamata su bi kuwa a wurare da yawa ya tsuke har shanu biyu ba sa iya jerawa. Da an wayi gari an ga sawu a gonar wake, tambaya ɗaya ce ke tashi a ƙofar gidan mai unguwa: ina za a kai maganar? Wasu su ce caji ofis da kotu, wasu su ce a zauna a sasanta. Matasa kuwa, in aka yi sake, ba sa jiran kowa.

Ba mu kaɗai muka taɓa tsayawa a wannan mararraba ba. Ƙasashe sun yi rikicin iyaka, ƙabilu sun yi na jini. An gwada kotu, an gwada sulhu, an gwada tara jama'a kowa ya faɗi abin da hannunsa ya aikata, kuma abin da ya biyo bayan kowace hanya sananne ne. Ra'ayina, tun kafin in kawo hujja, shi ne amsar tana ga abin da ya lalace. Amfanin gona aka ci, iyaka ake jayayya a kai, ko rai aka rasa? Abin da ya fi yi mana illa shi ne a haɗa ukun a tabarma ɗaya, a shafa fatiha, a ce kowa ya yi haƙuri.

Mu fara da wanda ya fi yawa, wato ɓarna. A nan zauren dagaci ya fi kotu, nesa ba kusa ba. Shaidar ɓarna ba ta jira. Sawun shanu a jigawa, iskar hunturu ta kwana biyu ta share shi. Kashin da suka bari ya bushe, karan da suka karya ya gauraya da wanda iska ta kayar, garken kuma in na wucewa ne ya riga ya tsallaka wata ƙaramar hukuma. Kafin a rubuta ƙara, a sa rana, a ɗage, a sake ɗagewa, ba abin da ya rage da alƙali zai gani da idonsa. Sai ya saurari mai gona da ɗan'uwansa, ya saurari mai shanu da ɗan'uwansa. Ga kuma maganar kuɗi. Wake buhu biyu aka ci, amma kuɗin mota zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma, da abin da ake kashewa wajen neman beli, da ranakun aikin da suka salwanta a tsakiyar kaka, sukan haura kuɗin waken. Makiyayi ya sayar da bijimi ya fito da ɗansa, manomi ya koma gida da abin da bai kai rabin asararsa ba. Kowannensu yana cewa an cuce shi, kuma ba wanda ya yi ƙarya.

Addinin da manomi da makiyayi suka yi tarayya a cikinsa bai bar wannan babi a duhu ba. Suratul Anbiya, aya ta 78 da ta 79, ta kawo shari'ar Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu (AS) kan gonar da tumakin wasu mutane suka shiga da dare. Malaman tafsiri sun ce Annabi Dawuda ya hukunta a ba mai gona tumakin. Annabi Sulaimanu kuwa ya ga mai gona ya riƙe tumakin yana amfana da nononsu da gashinsu, mai tumaki ya kama gyaran gonar har ta koma yadda take, sannan kowa ya karɓi nasa. Hukuncin da Allah ya ce ya fahimtar da Sulaimanu shi ne wanda ya mayar wa mai gona haƙƙinsa ba tare da an raba mai dabba da jarinsa ba. A Muwaɗɗa ta Imam Malik kuma akwai labarin taguwar Barra'u ɗan Azib da ta shiga gonar wani ta yi ɓarna. Manzon Allah (SAW) ya hukunta cewa tsaron gona da rana yana kan masu ita, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuwa masu dabbobin za su biya. Malamai sun yi bayanin cewa wannan bai wanke wanda yake tare da shanunsa ya kora su cikin gona tsakar rana ba.

Sulhun ɓarna yana da yadda ake yin sa, in ana so ya tsaya. A je gonar a ranar, kafin rana ta yi zafi, da sarkin noma, da ardo, da wakilin dagaci. A bi sawu daga inda ya shiga zuwa inda ya fita. A ƙirga kunyoyin da aka ci, a kwatanta su da na kusa da ba a taɓa ba, a ga kowace kunya kwano nawa za ta bayar. A yanke da kwano ko dami, sannan a mayar kuɗi da farashin kasuwa mafi kusa ta wannan makon, a sa harawa a lissafi domin ita ma kuɗi ce. A irin wannan tsayuwa sau da yawa za ka ji ardo ya ce, “Ranka ya daɗe, shanunmu ne, ba mu musa ba. Amma a duba inda gonar ta fara.” Dagacin da ya san aikinsa zai ce, “Na ji ka, Ardo. Yau ɓarna muka zo gani. Maganar iyaka za a sa mata rana, kuma ba ni kaɗai zan yanke ta ba.” Sharaɗin shi ne ranar ta zo da gaske.

Zauren ma yana da nasa ciwon, ba zan ɓoye ba. Akwai wuraren da ake ninka wa makiyayi kuɗin ɓarna don an san yana da saniyar sayarwa, masu sasantawa su ɗebi kasonsu, mai gona ya samu ragowa. Akwai manomin da ke barin dami a gona da gangan yana jiran shanu su taɓa. A ɗaya ɓangaren akwai mai tura yaro ɗan shekara goma da garken da babba ma sai ya yi da gaske, da mai sakin shanu cikin dare ya san gonar wake ce. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Maganin wannan shi ne a yi kimar a bainar jama'a, a faɗi adadin da ƙarfi kowa ya ji, a miƙa kuɗin hannu da hannu daga mai shanu zuwa mai gona.

Abin da ke mayar da wake buhu biyu ya zama gawa shi ne jinkiri, kuma a kan wannan ban san darasin da ya kai na Wajir ba. Wajir yanki ne na makiyaya Musulmi a arewa maso gabashin Kenya, ƙasa mai fari, inda bayan farin 1992 zuriyoyin Somaliyawa uku, Degodiya da Ajuran da Ogaden, suka shiga kashe juna kan ruwa da wurin kiwo da siyasa. A 1993 wasu mata, cikinsu da wata malamar makaranta mai suna Dekha Ibrahim Abdi, suka lura faɗan ya shigo kasuwa har mata sun daina sayar wa juna kaya. Daga kasuwar suka fara. Suka sa masu zagayawa kullum, da an ji cacar baki a kashe ta nan take. Sannan suka je wurin dattawa, kuma suka yi dabara: suka nemi dattawan ƙananan zuriyoyin da ba sa cikin rikicin su shiga tsakanin manyan. A ƙarshen wannan shekara aka cimma yarjejeniyar Al Fatah. A 1995 aka kafa kwamitin zaman lafiya da ci gaba na Wajir, wanda ya haɗa dattawa da malamai da mata da matasa da jami'an tsaro ƙarƙashin shugaban gundumar, da wata tawaga da aikinta kawai shi ne ta isa wurin da abu ya faru kafin labari ya yaɗu. Daga baya gwamnatin Kenya ta kwaikwayi tsarin a wasu gundumomi.

Abu biyu nake so mu ɗauka daga nan. Mai shiga tsakani ya zama wanda ba shi da gona a bakin burtalin kuma ba shi da saniya a garken: limamin garin maƙwabta, sarkin pawa, wani tsohon malamin makaranta. Sannan a sa mata. Mai tallan nono da fura tana shiga gidajen gari kullum, ita ce ta fara sanin an daina saye a wurinta, kuma ranar da ta daina shigowa gari ya kamata dattawa su tashi tsaye. A yawancin zaman sulhunmu ba wanda ke tambayar ta.

Maganar iyaka daban ce, kuma a nan na rabu da masu cewa komai sulhu. In jayayyar ita ce ina burtali ya bi, ina makiyaya, wato wurin kiwo, ta tsaya, mashayar nan ta wace ce, zauren dagaci shi kaɗai ba ya raba gardama. Dalilin kowa ya san shi, faɗa ne ba a cika yi ba: wani lokaci wanda ake kai wa ƙarar shi ya yanka filin ya bayar, ko mahaifinsa. Kuma sulhu kan iyaka kusan kullum raba-daidai yake zama. An ci taku 30 na burtali, a zauna a roƙi manomi ya saki 10. Bayan shekara biyar a ƙara ci, a sake zama, a sake rabawa. Da haka hanyar shanu take ƙarewa, kowane zama kuma an tashi ana yabon juna.

Najeriya da kanta ta bi wannan hanya da Kamaru. An yi shekaru ana tattaunawa kan Bakasi da gefen Tafkin Chadi, ana harbe-harbe jefi-jefi, har Kamaru ta kai ƙara Kotun Duniya da ke birnin Heg na ƙasar Holan a watan Maris na 1994. Sai ranar 10 ga Oktoba 2002 aka yanke hukunci. Kotun ta dogara da tsofaffin takardun Turawan mulkin mallaka, musamman yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913, ta ba Kamaru Bakasi. Ɓangaren da ya fi kama da namu shi ne na Tafkin Chadi. Da ruwan tafkin ya riƙa ja da baya, masunta da manoma 'yan Najeriya suka bi shi suka kafa ƙauyuka irin su Darak. Najeriya ta ce mutanenta ne a wurin, ita ke karɓar haraji, ita ke gudanar da mulki. Kotun ta ce daɗewa a wuri ba ya soke iyakar da ke rubuce. A Disamban 2003 Najeriya ta janye daga ƙauyuka sama da 30. Duk wanda ya shekara 20 yana noma a cikin burtali, yana ganin daɗewar ta zama hujja, ya kamata ya san haka shari'a take duban irin wannan magana.

Amma hukuncin bai kwashe soja ko ɗaya daga Bakasi ba. Sai da Kofi Annan, Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, ya yi ta haɗa Obasanjo da Paul Biya, aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu a ƙarshen 2002, sannan ranar 12 ga Yuni 2006 aka sa hannu kan yarjejeniyar Greentree a Amurka, da Amurka da Ingila da Faransa da Jamus a matsayin shaidu. A cikinta aka rubuta kwana 60 na janye sojoji, aka rubuta cewa Kamaru ba za ta kori 'yan Najeriya mazauna wurin ba kuma ba za ta tilasta musu sauya ƙasa ba. An kammala miƙawa ranar 14 ga Agusta 2008, zamanin 'Yar'aduwa. Shekara takwas a kotu, shekara shida ana lallashi. Aikin kafa turakun siminti a iyakar, mai tsawon kimanin kilomita 2,000, ya ci fiye da shekara 20. Ba a yi yaƙi ba, wannan babbar riba ce. Amma mutanen Bakasi da suka baro gidajensu sun daɗe suna kukan ba a tsugunar da su yadda aka yi alkawari ba, kuma wannan ba abin wucewa da sauri ba ne, domin su ne suka biya kuɗin zaman lafiyar.

Saboda haka shawarata kan burtali da wurin kiwo ita ce a bar hukuma ta ja layin, gari ya sasanta yadda za a bi shi. Tun 1965 Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo, dokar filaye ta 1978 kuma ta sa ƙasa a hannun gwamna, ta ba ƙaramar hukuma ikon filayen karkara. Jigawa tana da hukumar manoma da makiyaya da aka kafa don irin wannan. A rubuta musu, a nemi a zo da safiyo da tsohuwar taswira, in ta kama a je kotu a je. Da layi ya fito, sai aikin zaure ya fara. Wanda ya shuka bana a bar shi ya girbe. Wanda gonar da zai rasa ita kaɗai ce abincin gidansa, a nema masa madadi kafin a tashe shi, ko da ƙarami ne. A kafa turakun da rana, manomi da makiyayi suna tsaye, kuma a fara da gonar mai ƙarfi. In aka fara da ta talaka aka tsallake ta mai kuɗi ko ta ɗan sarauta, ba turken da zai kai damina.

Sai mafi nauyi, wato in an zubar da jini. A nan mutane ke rabuwa biyu da zafi. Wasu na cewa a kama duk wanda ke da hannu a kai kotu. Wasu na cewa a rufe, a bar wa Allah, kada a tono. Ruwanda ta gwada abin da ya sha gaban namu nesa, kuma ta bi hanyoyi biyu a lokaci guda, shi ya sa kwatancen ya fito sarai.

A 1994, cikin kwana kusan 100, an kashe kimanin mutum 800,000 a ƙasar, akasarinsu 'yan ƙabilar Tutsi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa kotu ta musamman a Arusha ta ƙasar Tanzaniya. Ta yi aiki har ƙarshen 2015, ta ci fiye da dala biliyan ɗaya, ta tuhumi mutum 93, ta hukunta 62. Manyan da suka kitsa abin ta kama, har da firaministan lokacin, kuma ba wata hanya da za ta iya wannan in ba ita ba. Amma a cikin Ruwanda akwai mutum sama da 120,000 a tsare, waɗanda kotunan ƙasar ba za su gama da su ba ko da an ba su shekaru aru-aru. Sai aka farfaɗo da zaman sasanci na gargajiya da suke kira gacaca. Kowace unguwa ta zaɓi mutanen da ta yarda da amanarsu su zama alƙalai, ana zama a fili mako-mako, jama'a na kewaye. Wanda ya amsa laifinsa, ya faɗi waɗanda suka yi tare, ya nuna inda aka binne gawa, ya nemi gafara, ana rage masa hukunci, wani ɓangaren ya koma aikin gayya. Daga 2002 zuwa Yunin 2012, kotunan gacaca kimanin 12,000 sun saurari ƙararraki kusan miliyan biyu. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne kashi biyu cikin uku na ƙararrakin nan na dukiya ne: shanun da aka yanka, kwanon rufin da aka kwance, kayan ɗaki da aka kwashe. Mutane suna son a san wanda ya kashe musu ɗan'uwa, suna kuma son a biya su saniyarsu.

Gacaca tana da aibi, kuma aibin ya shafe mu kai tsaye. Ba lauya, an tsoratar da shaidu, an kashe wasu, wasu sun yi amfani da zaman sun huce tsohuwar gaba. Mafi girma, ba a yarda a kawo laifukan da ake zargin sojojin ɓangaren da ya ci yaƙin da aikatawa ba. Zaman da ake ƙirga gawar ɓangare ɗaya a cikinsa yana barin ɗayan da magana a ciki. A wurinmu abin da ke faruwa sananne ne. Baƙin makiyaya su yi ɓarna ko su sari manomi su wuce cikin dare, da safe a je a ƙone rugar mutumin da aka haifi kakansa a gefen garin, wanda matarsa ke kawo nono gidanmu. In za a zauna, bukkokin nan da shanun da aka kashe da yaron da aka tarar a wajen kiwo dole su shiga lissafi ɗaya da manomin da aka rasa.

Afirka ta Kudu ta gwada musayar gaskiya da afuwa bayan mulkin wariyar launin fata. Hukumar da Desmond Tutu ya shugabanta ta fara zama a 1996, ta karɓi bayanan mutum kimanin 21,000. Sama da mutum 7,000 sun nemi afuwa, 849 suka samu, domin sharaɗin shi ne ka faɗi komai. Sai dai diyyar waɗanda aka zalunta ba ta fito ba sai 2003, rand 30,000 na kuɗin ƙasar ga kowane mutum, ƙasa da abin da hukumar ta ba da shawara. Namu na gida, kwamitin Mai Shari'a Oputa da aka kafa a 1999 don binciken take haƙƙin ɗan Adam, tsofaffin shugabannin soja uku sun ƙi bayyana a gabansa, rahoton da ya miƙa a 2002 kuma gwamnati ba ta fitar da shi a hukumance ba. Abin da na fahimta daga waɗannan biyun shi ne kada a tara mutane su faɗi abin da aka yi musu sai an tabbatar mai ƙarfin gari zai zauna a tabarmar, kuma an san inda diyya za ta fito.

To me gari zai zaɓa in an yi kisa? Wanda ya ɗauki makami ya kashe, nasa na hukuma ne da kotu. Dagaci ba shi da ikon rufe wannan, doka ba ta ba shi ba, addini ma bai ba shi ba. Yafiya ko karɓar diyya haƙƙin magada ne, kuma a mazhabar Malikiyya ko sun yafe wa wanda ya kashe da gangan, hukuma tana yi masa bulala 100 da ɗaurin shekara guda. Kisan gilla kuwa, a yaudari mutum a kashe shi don abin hannunsa, ba ya karɓar yafiya. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake zagaye matar mamaci da 'ya'yansa, a kira wani kawu a ce ya yafe a madadinsu, ita tana cikin takaba ba wanda ya ji ta bakinta. Sauran jama'a kuwa, waɗanda suka bi ayari, suka cinna wuta, suka kora awaki, kai su kotu su 40 ba abin da zai haifar sai shekaru na zirga-zirga da sabuwar gaba. Su nasu zaman fili ne a gaban hakimi da malamai: kowa ya faɗi abin da ya ɗauka, a mayar, abin da ya salwanta a yi karo-karo a biya. Matasan da suka ƙone bukka su saro kara su ɗaura wata.

Kowace hanya aka bi, a rubuta, kuma a karanta da Hausa da Fulatanci kafin a dangwala. A Janairun 1967 Gowon da Ojukwu sun zauna a Aburi ta ƙasar Gana, suka tashi ana murna, kowa ya koma gida da fassararsa daban, watan Yuli yaƙin basasa ya ɓarke. A Hudaibiyya kuwa, shekara ta shida bayan hijira, Manzon Allah (SAW) da Suhailu ɗan Amru sun tsaya kan kowace kalma, Sayyadina Ali yana rubutawa, aka faɗi wa'adin shekara goma, aka faɗi waɗanda suka shiga ƙarƙashin kowane ɓangare. Shi ya sa da Banu Bakar suka auka wa Khuza'a ba a yi gardamar wanda ya warware ba. Takardar ƙauye ma ta faɗi nawa za a biya, wace rana, a hannun wa, wa ya tsaya wa wa, da wanda za a kira in an saɓa. Kwafi ɗaya wurin hakimi, ɗaya wurin ardo, ɗaya caji ofis.

Duk abin da na faɗa a kan sulhu, tsakanin maƙwabta nake nufi, mutanen da kowannensu ke da abin da zai rasa in zaman ya lalace. Ɗan bindigar da ke satar mutane ba ya cikin wannan. Katsina da Zamfara sun gwada sasantawa da irinsu a 2019, ba a daɗe ba hare-hare suka dawo, domin makaman suna hannunsu kuma ba mai tilasta musu cika alkawari.

Wanda ya rage, kuma shi ya fi wuya, shi ne garken wucewa. Udawa da sauran masu gangarowa daga Damagaram ba sa nan lokacin da aka yi zaman, ba su dangwala ba, ardon gida kuma ba shi da iko a kansu, duk da shi ake kamawa in sun yi ɓarna. Ƙungiyar ECOWAS ta yi tsari a 1998 cewa mai tsallaka iyaka da dabbobi ya riƙe takardar da ta nuna yawansu da rigakafinsu da hanyar da zai bi, amma ko a da ba a cika aiki da ita ba, ga shi Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Abin da gari zai iya da kansa shi ne duk garken da ya sauka, ardo ya kai jagoransa gaban dagaci a ranar, a san sunansa da inda ya fito, a nuna masa burtali da mashaya. Sannan mu ɗauki abin da Nijar ta daɗe tana yi, inda hukuma ke sa ranar sakin gonaki kowace shekara. Kafin ranar, shanu ba sa shiga. Bayan ta, wanda ya bar daminsa a gona ba shi da ƙara. A sa ranar da shawarar sarakunan noma, a yi la'akari da masu wake da masu dawa da ke makara, a yi shelarta a masallatan Juma'a da rediyo da kasuwar Maigatari ranar Alhamis, inda labari ke tsallaka iyaka da kansa. Zaman sa wannan rana a watan Satumba ya kamata hakimai su kira shi, kafin garken farko ya iso.